Lagireton alminiyom da fankar lantarki: wata shida bayan na ɗaura su

Shekara biyu ke nan ina fama da wata 'yar mota mai kujera biyu da nake haɗawa da hannuna a gida, irin ƙirar Lotus Seven ɗin nan da ta fara fitowa a 1957, wadda har yau masu sha'awa ke kwaikwayo da bututun ƙarfe da walda. Injin da na sa mata mai silinda huɗu ne, lita 1.6, daga wata tsohuwar Toyota na ciro shi. Wanda ya san wannan ƙira ya san hancinta tsukakke ne. Lagireton da ya zo da injin na juya shi ta kowace fuska, ya ƙi shiga. Dole na nemi ƙarami a intanet, na samu wani da ake sayarwa a haɗe: lagireton alminiyom mai layi biyu, fankar lantarki mai inci 12, makunnin da ke jin zafin ruwa, da wasu tsinkayen roba guda huɗu na ɗaure fankar.

Lagireton kansa ba ni da ta cewa a kansa. Waldarsa a tsabtace take, babu tankin roba ko ɗaya da zai tsage idan ya tsufa, kuma bai kai rabin nauyin tsohon ba. Irin wanda ruwa ke bi ta gefe zuwa gefe ne, tankunansa suna dama da hagu, shi ya sa ya dace da hanci mai faɗi maras tsayi. Kafin in ɗaura shi na toshe bakunansa, na hura masa iska, na nutsa shi cikin ruwa. Ko kumfa ɗaya ban gani ba. Inda kawai ya ba ni aiki shi ne bakin tiyo: nasa milimita 32 ne, tiyon da nake da shi kuma ya fi haka faɗi, sai da na nemo mahaɗi. Da mai sayarwar ya rubuta wannan awo a tallarsa, da ya rage mini jiran mako guda.

Ban ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe ba. Shasin mota yana murɗawa a hanya ko da ido bai gani, alminiyom kuwa ba ya jure lanƙwasa yau da gobe, sai ya tsage ta wajen walda. Na yi masa ƙafafu biyu a ƙasa da ke zama cikin roba, sama ma roba na sa tsakaninsa da maɗaurin.

Tsinkayen robar nan su ne abin da ya ɓata mini rai. Dabarar ita ce a soka su ta cikin saƙar lagireton, su fito ta ɗaya gefen, a ja a ɗame fankar. Minti biyar an gama, kuma na yarda sauƙin ne ya ja ni. Bayan mako uku na leƙa, sai na ga siraran ganyayyakin da ke kewaye da kowane tsinke sun lotsa, ɗaya har ya fara goga bututun ruwa ya bar masa sheƙi. Nauyin fankar gaba ɗaya a kan saƙar yake rataye, kowane rami aka faɗa sai ya girgiza ta. Da na ƙara wata biyu, da ruwa ya fara ɗiga. Na yanke su na zubar, na lanƙwasa faranti na yi wa fankar maɗauri da ke kama gefen lagireton da noti. Ban ga dalilin da zai sa a haɗa lagireto mai kyau haka da abin da zai huda shi ba.

Sai batun inda fankar za ta zauna. Da farko a gaba na sa ta, tana tura iska ciki, don a nan na ga fili. Idan motar na tsaye, lafiya lau. Da na hau titi kuwa sai allurar zafi ta fara hawa, abin da ya ɗaure mini kai, domin a guje ai iskar hanya ce ke yin aikin, fanka ba ta da wani amfani sai a cunkoso ko idan inji na silo. Ashe abu biyu ne suka haɗu. Motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, da ganyayyakinta sun tare wani sashe na fuskar lagireton. Na biyun kuma, wanda ya fi muni, akwai giɓi kamar faɗin tafin hannu tsakanin lagireton da bangon hancin motar, dama da hagu da sama. Iska ba ta son wahala. Idan ta ga hanya a buɗe ba za ta kutsa cikin saƙa ba, sai ta zagaye ta wuce abinta. Wato lagireton yana zaune a tsakiyar iska amma kaɗan ke ratsa shi.

Na yanka siririn farantin alminiyom na toshe giɓin nan uku, na bi bakinsu da soso mai manne, yadda duk iskar da ta shigo ta hanci ba ta da mafita sai ta cikin saƙar. Fankar kuma na mayar da ita baya, tana jawo iska. A nan akwai tarkon da ya kusa kama ni: sauya wayoyi biyu yana juya motar fankar baya, amma ganyayyakin an lanƙwasa su ne don fuska ɗaya. Sai an kwance su an juya, in ba haka ba za ta yi ta ƙara, iskar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Takardar da ta zo da kayan ba ta ce uffan a kan wannan ba. Da 'yar takarda na gwada, na ga tana manne wa gaban lagireton, sannan hankalina ya kwanta.

Fankar tana da ƙara, gaskiya, a motar da ba ta da rufi kuwa har cikin kunne. Amma tana aiki. Wuta take ci sosai lokacin tashi, fiye da abin da take ci idan ta daidaita, shi ya sa ban yarda in bi da wutarta ta cikin ɗan makunnin zafin ba. Na sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa ya saki babba, da fis mai amfiya 30, na jawo waya mai kauri kai tsaye daga batir, makunnin aikinsa kawai ya ta da rilen. Yana kunnawa a digiri 92, ya kashe a 87. Na kuma ƙara wani maɓalli kusa da sitiyari don in kunna da kaina idan na ga dama, ko da yake sau biyu kacal na taɓa shi.

Cika ruwa ma ya ci mini yini guda. A wannan mota lagireton yana ƙasa da kan injin, don haka murfinsa ba shi ne wuri mafi tsayi ba, iska sai ta maƙale a sama ta hana ruwa zagayawa. Na ɗaura ƙaramin tanki a jikin bangon da ke bayan injin, sama da komai, na mayar da murfin matsi mai awon "bar" 1.1 can. Wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi sama da 120. Na ɗaga gaban motar da jak, na bar injin yana silo har tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe, ina matsa tiyon sama da hannu kumfa na fita. Ruwan sanyaya inji rabi, tataccen ruwa rabi na zuba, domin ruwan famfo zalla yana cin alminiyom kuma yana barin datti a bututu. Wani ya ba ni shawarar in cire tamostat ɗin gaba ɗaya wai inji zai fi sanyi. Ban ɗauka ba, injin da bai kai zafin aikinsa ba mai yake sha, kuma ya fi saurin lalacewa.

Yanzu a titi allurar tana zama wajen 85, ba ta motsi. A cunkoso takan hau zuwa 92, fankar ta tashi kamar minti ɗaya, ta sauko. Ban ƙara ruwa ba tun wata huɗu. Lagireton zan sake sayensa ba tare da tunani ba. Fankar ma ta ci kuɗinta, sai dai ina neman mai ganye masu siffar lauje, an ce ba su kai wannan ƙara ba. Abin da ya rage mini shi ne in yi mata gida da zai rufe kusurwoyi huɗun da zagayenta bai kai ba, farantin ma na riga na yanka, yana jingine a bango.