Sitikar "tare tururin waya" da ake sayarwa jaka ɗaya

Tun da vokal ɗin nan ya zagaye WhatsApp cewa tururin salula na canza ƙwayoyin halittar mutum, masu teburin kayan waya wajen Kasuwar Dole suka samu sabuwar haja, wata ƴar sitika ce mai ruwan zinare kamar kwabo, a manna ta bayan waya wai ta tsotse tururin. Inna ta matsa sai na sayo mata, na ɗauko biyu, jaka jaka. Mai teburin har da cewa "Malam wannan daga Turai take, kashi 99 take tarewa." Na ce da me aka auna? Ya yi dariya kawai.

Na ɓanɓare ɗaya na duba, leda ce da ɗan siririn ƙarfe irin na cikin kwalin sigari sai gam, shi kenan. Kuma ku duba, in da gaske tana tare tururin ai kira ma ba zai shiga ba, don da wannan tururin ne waya ke magana da eriya. Ni rezo bai ragu ba bai ƙaru ba. In ma ta ɗan tare wani abu to matsala ce, domin waya in ta ji rezo ya yi rauni ƙara ƙarfi take don ta kamo eriya, ga cin batiri a wannan yanayi na ɗaukewar kuran. A Amurka tun 2002 hukumar kare masu saye ta FTC ta kai wasu kamfanoni biyu kotu kan irin wannan kaya.

Maganar ƙwayoyin halittar kuma ba daga sama ta faɗo ba. A 2002 masu bincike a Finland suka sa ƙwayoyin jikin mutum da aka raina a ɗakin gwaji cikin tururin salula irin na GSM 900, suka ga canji a wani furotin hsp27 da ƙwaya ke motsawa in ta shiga takura. Amma fa a faranti ne ba cikin kan mutum ba, wasu sun yi gwaje-gwaje irinsa ba su ga komai ba, kuma zafi kaɗai ma yana motsa wannan furotin. Tururin waya ba shi da ƙarfin tsinka DNA, wato zaren ƙwayoyin halitta, kai tsaye irin na hoton ƙashi a asibiti. A 2011 IARC, hukumar binciken kansa ta OMS, ta sa tururin waya a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa" ya jawo kansa, hujja ba ta cika ba, sannan a 2024 wani babban nazari da OMS ta sa aka yi, ya haɗa bincike 63, bai samu alaƙa da kansar ƙwaƙwalwa ba.

Abin da ake aunawa da gaske shi ne SAR, wato yawan tururin da jiki ke tsotsa daga waya, a Turai iyakar da aka sa wa kan mutum watt 2 ce a kowane kilo (2 W/kg), kuma ba wasa suke ba, Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 a Satumba 2023 don ta haura ma'aunin hannu da ƙafa, sai da aka gyara.

In hankalinka bai kwanta ba sa ekuter ko ka buɗe sifika, nisanta waya da kai yana rage abin sosai, kuma ka bar doguwar hira in rezo sanda ɗaya ce. Tauraro ɗaya na ba sitikar, shi ma don gam ɗin ne, da kyar na kankare shi da kananzir. Ta Inna kam tana nan manne, ta ce a bar mata.