Sharhi kan digirin kimiyyar kwamfuta: abin da ya ba ni da abin da sai da na nema da kaina

Na kammala digiri na farko a kimiyyar kwamfuta da haɗa manhaja, na kuma fara cin abinci da shi. Ƙanne da dama suna tambayata ko karatun ya cancanci shekarun da ake zubawa a cikinsa, tunda ga darussa nan birjik a intanet kyauta. Amsata ita ce ya cancanta, amma da sharaɗi. Digirin ya gina min tushe mai ƙarfi wanda har yau nake tsaye a kansa. Ita kuwa sana'ar haɗa manhaja, irin wadda ake yi kullum a wurin aiki, tsakura mana ita kawai aka yi, kuma wannan giɓin yana damuna sosai domin na ga yadda ya wahalar da abokan karatuna masu hazaƙa.

Shekarar farko lissafi ne ya fi yawa: manɗiƙi, ƙirga yiwuwar abubuwa, da yadda ake kafa hujja daki-daki har ta tabbata. A nan ne wasu suka fara karaya, saboda sun zo da niyyar haɗa manhajar waya sai suka tarar da allo cike da alamomi. Yaren rubuta manhaja da aka fara mana da shi Python ne, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma zaɓi ne mai kyau ga ɗan koyo domin ba ya cika ka da ƙa'idoji tun kafin ka gane me kake yi. Ban da wani ƙorafi a kan wannan shekarar, sai dai da malamai sun riƙa nuna mana inda lissafin zai yi amfani a gaba, da ba a rasa mutane da yawa ba.

Kwas ɗin da ya biya ni wahalata shi ne na tsarin adana bayanai da algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi daki-daki don warware matsala. Ranar da aka koya mana binciken rabi-rabi ba zan manta da ita ba. A ce kana da sunaye miliyan ɗaya a jere bisa haruffa, kana neman guda. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba miliyan ɗin kaf. In kuwa ka buɗe tsakiya, ka watsar da rabin da sunan ba zai kasance a ciki ba, ka sake raba abin da ya rage, ba za ka wuce dubawa 20 ba. Ko sunayen sun kai biliyan ɗaya, dubawa 30 ta ishe ka. Daga nan aka shiga hanyoyin jera bayanai, inda wata hanyar za ta ci matakai kusan tiriliyan ɗaya kafin ta jera abu miliyan ɗaya, wata kuma ta gama a kusan matakai miliyan 20. Aka kawo mana dabarar Edsger Dijkstra ta gano hanya mafi gajarta tsakanin wurare, wadda ya wallafa a 1959, kuma har gobe na'urorin da ke kai saƙo a cikin manyan hanyoyin sadarwa suna aiki da ita.

Amfanin wannan ya bayyana min ne a wurin aiki. Akwai wani shafi da ke nuna wa ma'aikata jerin abokan ciniki da abin da kowa ya saya. Da farko yana buɗewa nan take, amma da mutane suka ƙaru sai ya koma jan ƙafa, har ana maganar a sayi saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) mafi ƙarfi. Da na karanta kod ɗin, wato rubutattun umarnin da suka haɗa manhajar, sai na ga matsalar a fili: a kan kowane abokin ciniki guda, manhajar tana bin dukkan jerin cinikin tun daga farko har ƙarshe. In mutane suka ninka goma kuma ciniki ya ninka goma, aikin ya ninka ɗari. Muka sa ta ta bi jerin sau ɗaya tak, ta ware cinikin kowa ƙarƙashin lambarsa, shikenan shafin ya dawo daidai ba tare da an sayi komai ba. Wanda ya rubuta kod ɗin na farko ya fi ni iya yaren nesa ba kusa ba. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai koya masa ƙirga matakai kafin ya rubuta.

Na biyu a daraja shi ne kwas ɗin yaren C da na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. C tsohon yare ne, Dennis Ritchie ya ƙirƙire shi a cibiyar bincike ta Bell Labs wajen 1972, kuma ba ya tausaya wa kowa. Ka ware gurbi goma a memori, lambobinsu daga 0 zuwa 9, sai ka rubuta a na 10. Python zai tsaya ya faɗa maka ka ƙetare iyaka. C kuwa zai bar ka ka rubuta a kan abin da ba naka ba, manhajar ta ci gaba da tafiya kamar lafiya lau, can gaba ta faɗi a wani wuri da ba ruwansa da laifin. Neman irin wannan matsala yana cin dare, amma wanda ya taɓa bin sawunta har ya kamo ta ya san abin da ke faruwa a cikin na'urar da gaske. Malaminmu ya ba mu labarin rokar Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta, saboda an yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin girman lamba a kwamfuta) a gurbi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Tun daga ranar ajin ya daina ɗaukar girman gurbin lamba a matsayin ƙaramin abu.

Kwas ɗin rumbun bayanai ma ya yi kyau. Tsarin teburori masu alaƙa da juna da Edgar Codd ya gabatar a 1970 yana kamfanin IBM shi ne har yanzu ƙashin bayan yawancin manhajojin bankuna, asibitoci da makarantu, kuma yaren SQL na zaƙulo bayanai daga rumbu da na koya a aji ina taɓa shi kusan kowace rana. Akwai kuma kwas ɗin nazari zalla, inda muka karanta hujjar Alan Turing ta 1936 cewa babu wata manhaja da za ta iya duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta gudu har abada. Gaskiya ba na amfani da wannan a ofis. Amma ina son sa, kuma ba zan so a cire shi ba, domin ya kamata mai wannan ilimi ya san cewa kwamfuta tana da iyakar da ƙarin gudu ba zai taɓa kawar da ita ba.

Inda shirin ya gaza kuwa, ya gaza sosai. Kwas ɗin da ake kira injiniyancin manhaja, wanda ya kamata ya zama zuciyar rabin sunan digirin, ya ƙare ne a zane-zanen akwatuna da kibiyoyi da haddace matakan aiki don jarrabawa. Git, kayan aikin da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod don mutane da yawa su iya aiki tare, wanda Linus Torvalds ya rubuta tun 2005 kuma da wuya ka sami kamfanin manhaja da ba ya aiki da shi ko makamancinsa, an ambace shi a lakca ɗaya aka wuce. A aikinmu na rukuni, mutane suna tura wa juna fayil ta imel, wani ya gyara tsohon kwafi ya shafe aikin wani, a tashi da ɓacin rai. Ba a koya mana rubuta gwaji da zai riƙa duba kod da kansa duk lokacin da aka canza wani abu ba. Tsaron manhaja kwas ne na ganin dama, in ka so ka ɗauka, in ba ka so ba ka fita da digiri ba ka san yadda ake adana kalmar sirri ba. Wannan a ganina ganganci ne.

Babbar matsalar ita ce kusan duk aikin gida daga fayil fari fat yake farawa, ka rubuta, a ba ka maki, a jefar. A wurin aiki kuwa mafi yawan lokacinka a karatun kod ɗin wasu yake tafiya, kod da aka rubuta shekaru da suka wuce, mai shi ya bar kamfanin, ga mutane suna amfani da manhajar a daidai lokacin da kake taɓa ta. Ko sau ɗaya ba a miƙo mana tsohuwar manhaja aka ce mu gyara ta ba tare da mun ɓata abin da ke aiki ba. Wannan sai a watannin sanin makamar aiki na koya, a hannun wata babbar injiniya da ke karanta duk layin da na rubuta, tana tambayata dalilin kowanne. Watannin nan sun koya min sana'ar fiye da kwasa-kwasai da dama a haɗe, shi ya sa nake roƙon duk ɗalibi kada ya ɗauke su hutu.

Sai maganar ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, aikin gida da yawa ya zama abin da na'ura ke rubutawa cikin daƙiƙu, kuma sashenmu ya daɗe yana kai-kawo tsakanin hanawa da kau da kai. Ina amfani da irin waɗannan kayan aiki, suna kuma rage min wahala. Amma sukan ba da kod mai kyan gani wanda ke ɗauke da irin matsalar shafin da na ambata, ko ya bar ƙofa a buɗe ga ɓarayin bayanai, kuma sai wanda ya san tushen ne zai gane. Ɗalibin da ya bar na'ura ta yi masa aikin shekara ta biyu ya cuci kansa, domin wahalar aikin ita ce karatun.

Wanda burinsa kawai ya iya haɗa shafin intanet ya fara samun kuɗi da wuri, gajeren horo zai fi masa sauri. Mai tsananin naci kuma yana iya koyon tushen da kansa, tunda jami'ar Harvard ta saki kwas ɗinta na CS50 kyauta, jami'ar MIT ma ta daɗe da buɗe darussanta ga kowa. Sai dai kaɗan ne ke iya zama su kaɗai su gama kwas mai ɗaci irin na babbar manhaja ba tare da jarrabawa na jiransu ba, kuma har yanzu akwai ma'aikatu da shirye-shiryen digiri na biyu da ba sa duba takardar wanda ba shi da na farko.

Kafin ka biya kuɗin rajista, ɗan'uwa, nemi jadawalin kwasa-kwasan ka duba ko akwai algoridim, babbar manhaja, rumbun bayanai, sadarwa da tsaro a cikin na dole, ka kuma tabbatar akwai sanin makamar aiki. Sannan ka sami ɗalibin ajin ƙarshe ka tambaye shi ko da Git suke miƙa aiki, da ko akwai malamin da ke zama ya karanta kod ɗinsu layi-layi ya mayar musu da gyara. In ya ce babu, ka shiga da shirin neman wannan a waje tun daga zangon farko, ko dai ta hanyar sa hannu a manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe ga kowa, ko ta samun wanda ya riga ka a sana'ar da zai riƙa duba maka aikinka.