LG OLED C3 ko C4: shin sabon ya cancanci ƙarin kuɗin da ake nema?

Kowace shekara a watan Janairu, kamfanonin ƙera talabijin sukan baje sababbin samfuransu a bikin CES da ake yi a birnin Las Vegas na Amurka, kuma da zarar kayan sun iso kasuwa bayan 'yan watanni, sai farashin na bara ya fara sauka. A nan mai saye yake shiga tsaka mai wuya, domin ga talabijin biyu a gabansa, girmansu ɗaya, sunansu ya kusa zama ɗaya, amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. Na ɗauki LG OLED C3 na 2023 da C4 na 2024 a matsayin misali, saboda abin da ya raba su shi ne kusan abin da ke raba kowane samfuri da wanda ya gaje shi.

Dukansu biyu allon OLED ne mai ƙarfin hoto na 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan takwas, kuma kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa ba tare da wata fitila a bayan allo ba. Amfanin wannan yana bayyana ne da dare: idan aka kashe wutar ɗaki aka kunna fim mai duhu, a ce mutum yana riƙe da kyandir, harshen wutar kaɗai za a ga yana haske, sauran allon kuwa ya yi baƙi ƙirin har ba a gane inda ya ƙare. A wannan gwajin da wuya ido ya bambance C3 da C4. Kowannensu yana da mashigar HDMI 2.1 guda huɗu, wato inda ake soka wayar na'urori, yana karɓar Dolby Vision, wani tsarin inganta haske da launin hoto, kuma ana samunsa daga inci 42 zuwa inci 83. Rauninsu ma iri ɗaya ne, domin sautin lasifikarsu bai kai darajar hoton ba, sannan a ɗaki mai manyan tagogi da rana ke shiga, talabijin mai ƙananan fitilun mini-LED a bayan allo ya fi su jure haske.

Abin da C4 ya ƙara ba shi da yawa. Yana iya sauya hoto sau 144 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi kuwa C3 ya tsaya a 120, amma wanda zai ci moriyar wannan shi ne mai buga wasannin bidiyo da kwamfuta mai ƙarfi, tunda PlayStation 5 da Xbox Series X ba sa wuce 120, finafinai kuma galibi ana ɗaukarsu ne da hotuna 24 a daƙiƙa. C4 ya ɗan fi haske a hotunan HDR, wato masu faɗin tazara tsakanin haske da duhu, kuma na'urar sarrafa hotonsa sabuwa ce. Wanda yake son ya gwada su gefe da gefe ya fara neman a cire su daga yanayin baje koli, wanda ke ƙara haske da launi fiye da kima don jan hankalin masu wucewa, a mayar da su yanayin kallon fim. Idan aka yi haka, tazarar takan ragu sosai.

Inda tsohon samfuri yake da abin dubawa na gaske shi ne manhaja, kuma a ganina wannan ne mutane suka fi yin sakaci da shi. Allo yana iya shekara goma yana aiki lafiya, amma tsarin da ke cikinsa yana tsufa da wuri. A watan Disambar 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu talabijin ɗin Samsung na 2010 da 2011, alhali babu abin da ya sami allonsu. LG ya fito da shirin webOS Re:New a 2024, inda ya yi alkawarin sabunta webOS, tsarin da ke cikin talabijin ɗinsa, har tsawon shekara biyar, Samsung kuma ya yi alkawarin shekara bakwai ga tsarinsa na Tizen. Sai dai lissafin yana bin shekarar da samfurin ya fito ne, ba ranar da aka saye shi ba, don haka wa'adin C3 zai riga na C4 ƙarewa da shekara guda.

Duk da haka wannan bai isa ya sa a guje shi ba. Ranar da manhajar ta fara nauyi, ko wani dandalin kallo ya daina buɗewa, ƙaramar na'ura irin su Fire TV Stick, Roku ko Apple TV da ake soka wa a mashigar HDMI za ta ɗauke aikin gaba ɗaya. Allo mara kyau kuwa babu abin da za a soka masa ya gyaru. Shi ya sa nake ganin samfurin bara mai babban matsayi ya fi na bana mai ƙaramin matsayi idan kuɗinsu ya zo ɗaya, kuma ga mai kallon finafinai, labarai da ƙwallo, C3 ne zaɓin da ya fi dacewa matuƙar rangwamen da aka yi masa na kirki ne. Idan ratar farashin kaɗan ce, ko kuwa mutum ɗan wasan kwamfuta ne, to C4 ya cancanci ƙarin.

Wannan shawara ta tsaya ne ga tazarar shekara ɗaya ko biyu. Talabijin mai shekara biyar ko shida wani zance ne dabam, domin mai yiwuwa HDMI 2.0 gare shi, wanda ba ya ɗaukar 4K sau 120 a daƙiƙa, kuma ba lallai ne ya iya karanta AV1 ba, tsarin matse bidiyo da YouTube da Netflix suke amfani da shi. Saboda haka a karanta lambar samfurin da ke manne a bayan talabijin, kada a dogara da abin da aka ji a baki. A wurin LG lambar ƙarshe ce ke nuna shekara, a wurin Samsung kuwa harafi ne: S90C na 2023 ne, S90D na 2024, S90F na 2025.

Haka kuma a tabbatar ko tsohon samfurin sabo ne a kwalinsa da cikakken garanti, ko kuwa wanda aka daɗe ana nunawa ne a shago. Allon OLED da ya yi watanni yana nuna hoto guda daga safe zuwa dare yana iya riƙe tabon da ba ya gogewa. Kafin a biya kuɗi, a buɗe hoto mai launin toka zalla, sannan ja zalla, ya cika allon, a matso kusa a duba kusurwoyi da gefen ƙasa, inda tambarin tashoshi da layin labarai suke zama. Idan aka ga inuwar wani rubutu ko tambari, a bar shi komai arharsa.