Carbin hannu mai farantin azurfa: wata biyar ina ɗaura shi

Bayan arba'in ɗin Inna da 'yan kwanaki na yi odar wannan carbin. A intanet na gan shi, wajen wata mai haɗa kayan ado, irin wanda ake sawa a wuyan hannu kamar awarwaro. Duwatsun aƙiƙ ne guda 33, ja mai duhu, sai ɗan farantin azurfa da bai wuce girman farce ba yana lilo a inda zaren ya haɗu. A gefe ɗaya na farantin an rubuta "Memento mori", kalmomin Latin ne masu nufin "ka tuna za ka mutu". Ɗaya gefen kuma mai saye ne ke zaɓar abin da za a zana. Na ce a sa sunan Inna da shekarar rasuwarta.

Akwai samfurin da aka yi wa hoton ƙoƙon kan mutum da agogon yashi. Ban ɗauka ba, don ban ga yadda zan tsaya salla da shi a hannu ba. Da mai sayarwar ta ce ko a zana min aya, nan ma na ƙi, saboda na san wata rana zan manta in shiga banɗaki da shi.

A cikin kwalin akwai 'yar takarda mai bayani kan masu falsafar Stoa, waɗanda tunaninsu aka gina adon a kai. Zeno ne ya fara koyar da ita a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙarƙashin wata rumfa mai ginshiƙai a bakin kasuwa, kuma daga rumfar sunan ya samo asali. Cikin mabiyanta akwai Marcus Aurelius da ya mulki Rum daga 161 zuwa 180, akwai kuma Epictetus wanda ya tashi a cikin bauta. Maganar wannan bawan ce ta zaunar da ni a kujerar kicin. Ya ce kada mutum ya taɓa cewa ya rasa abu, ya ce ya mayar da shi; ɗanka ya mutu, an mayar da shi ne. Kwana arba'in ke nan masu zuwa gaisuwa suna ce min, "Sai haƙuri, Allah ya karɓi abinsa." Mu ma abin da muke faɗa ke nan a Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, aya ta 156 a Suratul Baƙara. Ban zaci zan ji makamancinsa daga bakin mutumin da ya rayu kusan shekara dubu biyu da suka wuce ba.

Amma da na jima da carbin sai na gane inda muka rabu da su. Nasiharsu tana kwantar da hankalin wanda ya rage ne, ba ta aika wa wanda ya tafi komai. Ni kuwa ina so abin da nake yi ya isa ga Inna. Annabi (SAW) ya ambaci ɗa na gari mai yi wa iyaye addu'a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Shi ya sa duwatsun suka fi min farantin amfani. A cikin adaidaita sahu, ko a layin banki, babban yatsana zai taɓa sunanta, sai kawai in ji bakina ya kama "Allahummagfir laha warhamha" har in zagaye. Da sanyin asuba duwatsun kamar ƙanƙara suke, kafin in kai na ashirin sun ɗauki ɗumin hannuna.

Ranar da Gwaggo ta fara ganinsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke, wannan ba laya ba ce?"

"A'a Gwaggo, carbi ne. Ba ya tsare ni daga komai."

Ta juya farantin, ta ga sunan ƙanwarta, ta daɗe ba ta sake ni ba.

Sai aibinsa, kuma ba kaɗan ba ne. Sunan Inna yana da harafi mai ƙugiya, na rubuta shi daidai, amma aka zana ba ƙugiyar. Wannan ya yi min ciwo fiye da komai, kuma haƙuri kawai aka ba ni. Farantin yana da hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, kuma kamar kowace azurfa yana yin duhu. Nawa bai yi sati uku ba ya dushe, sai na riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi, na kuma daina shafa humra a wannan hannun. Duwatsun milimita 6 ne, sun yi wa yatsa ƙanƙanta, da zan sake saye na milimita 8 zan ɗauka.

Zaren roba ne, bai dace da mai alwala sau biyar a rana ba. A wata na uku ya saki, a na huɗu ya tsinke ina cikin naɗe sallaya. Ni da yara muka durƙusa muka tsinto 32, na ƙarshen sai washegari aka gano shi ƙarƙashin firji. Wani mai gyaran sarƙa a kasuwa ya sake jera min su a zare mai ƙarfi, ya sa maɗauri. Na tambaye shi ko zai iya ƙara ƙugiyar nan a kan harafin. Ya ɗaga farantin a hasken rana ya duba, ya ce in dawo da shi ranar Asabar.