Aikin gwamnati ko ɗinki?

Matashi ya gama bautar ƙasa, hannunsa ya faɗa a ɗinki, gida kuma an dage sai ya nemi aikin gwamnati. Iyaye suna da hujjarsu. Albashi ƙarshen wata, ga fansho, kuma sai mutum ya shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 a duniya kafin ritaya. Sai dai mafi ƙarancin albashin da Najeriya ta amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne.

Tela kuwa kasuwarsa yau fari gobe tsumma. Jajibirin Sallah a kan keke yake kwana, shaddar Kantin Kwari jibge a gefe, mai kaya tsaye bakin ƙofa yana cewa, "Malam, ina alƙawarinmu?" Sallah na wucewa shago ya yi tsit, ga haya, ga man janareta. Amma shi ke yanka farashinsa, yana yaye yara, ba ya jiran ƙarin girma daga kowa.

Ni dai, wanda zaman ofis ke sa shi hamma tun hantsi, gara a bar shi da almakashinsa, in har zai iya cika alƙawari da yin adashi saboda watannin da babu ciniki.