Man copaiba da ake sayarwa a Yamai: abin da yake yi da inda yake gazawa

Kwalaben nan ƙanana na mililita 10 da ake gani a shagunan kayan shafa, daga ƙaron wata bishiyar Brazil ake tato man cikinsu, 'yar'uwar majen ƙasarmu. Ƙarfinsa yana cikin sinadarin beta-caryophyllene, wanda akwai shi a kanumfari da masoro. A jikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai wata mariƙa, wato wurin da sinadari ke maƙalewa, da ake kira CB2. Idan sinadarin ya maƙale mata, sai ƙwayoyin su rage fitar da abubuwan da ke hura kumburi. Ba ya kama CB1, irin wannan mariƙa da ke ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba ya sa maye. A 2008 aka bayyana haka, kuma galibin gwaje-gwajen a kan ɓeraye ne.

Don ciwon gwiwa ko tsamin jiki mara tsanani, ya cancanci gwadawa. Ɗigo biyu a ƙaramin cokalin man riɗi ko narkakken man kaɗe, a fara shafawa a cikin hannu a jira kwana guda, ko zai yi ƙaiƙayi. Kada a sha, mai ciki kuma ta bar shi.

Babbar matsalar ajiya ce. Kwalbar da ta yini a kan tebur cikin zafin watan Afrilu, murfinta sako-sako, iska na juya sinadarin ya koma wani da ba ya kama CB2. A zaɓi kwalba mai duhu, mai hatimi, wadda aka rubuta Copaifera, sunan bishiyar a kimiyyance, a jikinta. Gaɓar da ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, likita za a kai ta.