Na sauya shago a Jos, na je a gyara mini takardar inshora

Kamfanin da ke riƙe da inshorar shagona sun gyara mini bayanaina, kuma a ƙarshe gyaran ya fito yadda nake so. Amma in maki za a raba, ma'aikaciyar da ke reshensu na Jos ce za ta kwashe mai yawa, kamfanin kansa ya samu rabi da ƙyar. Ba zan ambaci sunansu ba, don ba talla nake yi wa kowa ba, ba kuma ɓata kowa na zo yi ba.

Shadda da atamfa da yadi nake sayarwa. Inshorar gobara da ta fasa shago nake yi duk shekara, kuma wanda yake garin nan a watan Fabrairun 2002, lokacin da Babbar Kasuwar Taminus ta ƙone, ba zai tambaye ni dalili ba. Mun ga manyan 'yan kasuwa sun kwana da dukiya sun wayi gari ba ko allura. Bana mai shagon da nake haya a wajen layin Masallacin Juma'a ya ƙara kuɗi fiye da ƙima, sai na samu wani a ɓangaren Katako. Abu uku nake son a gyara mini: adireshin shago, lambar waya, da yadda aka rubuta sunana.

Na fara da ejan ɗin da ya kawo mini inshorar tun farko. Na tura masa saƙo ta WhatsApp, ya amsa da "An gama, Alhaji." Ba a gama komai ba. Da na ga shiru ya yi yawa na sake tuntuɓarsa, ya ce ai ƙaramin abu ne, in bari sai lokacin sabuntawa a haɗa gaba ɗaya. Wannan shawarar ita ce mafi muni da na samu a duk hidimar, kuma daga bakin mutumin da ke cin kamasho a kan kuɗina ta fito. Ejan yana da zafin nama ranar karɓar kuɗi, amma gyaran takarda ba ya kawo masa ko sisi, shi ya sa yake ajiye shi gefe.

Da na je reshen da kaina, wata yarinya ce a teburin, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, tana jin Hausa irin tamu ta Jos. Ta buɗe fayil ɗina a kwamfuta, ta tambaye ni ko na riga na kwashe kayan. Na ce ana kan kwashewa. Ta ajiye biro.

"Alhaji, wannan adireshin da ke takardarka ba na aiko maka da wasiƙa ba ne. Kayan da ke cikin wancan shagon muka ɗauki nauyinsu. Duk bandir ɗin da ya bar can ba mu sani ba, ya fita daga hannunmu."

Na ce, "To 'yata, kayan ai su ne dai, mai su ma bai canza ba."

Ta ce, "Kayan su ne, Alhaji. Maƙwabtan ne ba su ba."

A nan maganar take, kuma yawancin 'yan kasuwarmu ba a taɓa yi musu wannan bayanin ba. Kamfanin inshora ba ya yanke kuɗinsa a kan darajar kaya kawai. Yana duba ginin, na bulo ne ko na langa-langa, yadda aka ja wayar wuta, ko akwai maigadi da dare, da irin sana'ar da ake yi dama da hagu. Tsohon shagona tsakanin masu yadi yake. Sabon kuwa bai da nisa da 'yan katako, ga mai gyaran janareto a bayansa da jarkokin fetur. Wuta ba ta tashi iri ɗaya a wuraren nan biyu. Yarjejeniyar inshora a kan faɗin gaskiya aka gina ta, duk abin da zai sa kamfani ya ƙara kuɗi ko ya ƙi karɓa, wajibi ne ka sanar da shi. In ka yi shiru sannan tsautsayi ya faɗa, suna da hujjar cewa wurin da ya ƙone ba shi suka yi wa inshora ba, kuma takardar da ka sa wa hannu ce za ta ba su gaskiya.

Sun turo wani ya duba sabon shagon. Ya ɗauki hotuna, ya leƙa mita da wayoyi, ya ce in sayi tukunyar kashe gobara in rataye kusa da ƙofa, ba can ƙuryar da kaya za su tare ta ba. Bai nemi na goro ba, wannan na yaba. Bayan rahotonsa aka ƙara mini kuɗi, na watannin da suka rage a shekarar kawai aka lissafa, ba na shekara cur ba. Ban ji daɗin ƙarin ba, amma da yarinyar ta nuna mini lissafin ban ga inda aka cuce ni ba. Ta kuma ja mini kunne cewa gyaran ba zai fara aiki ba sai kuɗin ya shiga. Wannan ba son ransu ba ne: sashe na 50 na tsohuwar Dokar Inshora ta 2003 ma ya ce in ba a biya ba babu kariya, NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, kuma ta tsaurara aiki da shi daga Janairun 2013. A asusun kamfani na biya, na karɓi rasit. Kada wanda ya damƙa wa ejan kuɗi a hannu ya je gida ya yi barci.

Abin da ya fi amfanata kuwa ban ma je dominsa ba. Tana cike fom ɗin ta tambaye ni ko har yanzu kayan shagon suna kan darajar da aka rubuta shekarun baya. Na yi dariya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wane mai shadda ne kayansa ke kan tsohon farashi? Sai ta yi mini misali a bayan takarda. A ce kayanka na naira miliyan 10 ne, amma miliyan 5 ke rubuce a inshora. Gobara ta ci na miliyan 4. Kai za ka zaci tunda asarar ba ta kai miliyan 5 ba, duka za a biya. Ba haka ba ne. Rabin kayan ka yi wa inshora, don haka rabin asarar za su ɗauka, wato miliyan 2, sauran kai ka ɗauki nauyin kanka. Sharaɗin yana nan cikin takardar da ƙananan haruffa. Kamfanin ya sabunta mini inshora shekara bayan shekara a kan tsohon adadi, dala tana hawa kowa na gani, ba wanda ya ɗaga waya ya ce Alhaji ka duba. Wannan laifinsu ne, kuma ban gane hikimarsa ba, don in adadin ya ƙaru su ma kuɗinsu ƙaruwa zai yi. Na ɗauko littafin kaya da rasitan Kantin Kwari, muka daidaita.

Yanzu ga inda suka gaza. Reshen Jos ba ya iya amincewa da komai. Karɓar takardu kawai suke yi su tura Legas, sai hedikwata ta sa hannu kafin takardar gyaran ta fito. A tsakanin nan kayana rabi suna tsohon shago, rabi suna sabo, ni kuma ina kwana da ido ɗaya. Na nemi su rubuto mini ta imel cewa kariyar ta hau kan sabon wurin tun daga ranar da na biya. Sun rubuto, amma sai da na matsa, kuma yarinyar ce ta yi ta bin su a waya a gabana. Wanda zai tashi daga shago ya sanar da su tun kafin ya kira mai a-kori-kura, ya kuma tambaya ko kayan suna da kariya a kan hanya, don inshorar gobara ta shago ba ta bin kaya cikin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lambar waya ta ba ni haushi fiye da komai. Tsohon layina yana cikin waɗanda aka rufe a 2024 lokacin haɗa layuka da lambar NIN, na bar shi na koma wani. Kamfanin yana da manhaja a waya, kuma akwai wurin canza lamba a ciki. Da ka danna, sai su tura maka lambar tabbatarwa zuwa tsohon layin da kake son rabuwa da shi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa rasa layi ba. Dole sai da na cike fom da hannu, na haɗa da hoton katin shaida. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, don ta wannan lambar suke turo saƙon ƙarewar wa'adi, kamfanonin waya kuma suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Ke nan wani baƙo can zai riƙa karɓar saƙon inshorarka, kai kuma wa'adi ya wuce ba ka da labari.

Fom ɗin duk da Turanci yake, layin kula da abokan hulɗa ma haka. A garin da Hausa ce harshen kasuwa ga Musulmi da Kirista, wannan sakaci ne. Ni ina iya karantawa. Maƙwabcina na layin Masallacin Juma'a sai ya ɗauko ɗansa daga makaranta.

Suna bai ba ni wahala ba. Muhammadu aka rubuta a takardar inshora, katin NIN da BVN kuma Mohammed. Takardar NIN kawai suka karɓa suka daidaita. Yarinyar ta ce da a ce sunan mahaifi ne ya bambanta, ko an sauya suna gaba ɗaya, sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu. Dalilin kulawa da wannan a fili yake: diyya ta banki ake biya, kuma ba a son sunan mai inshora ya saɓa da na mai asusu. Wanda ya yi wa kasuwancinsa rajistar kamfani a hukumar CAC bayan ya yanki inshora da sunansa, shi ma ya koma ya duba, don a takarda mai kayan ya canza.

Tunda ina wurin na ce a duba ta motata, ƙaramar inshorar nan ta dole wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, diyyar ɓarnar dukiya kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tsaurara bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Takardar hannunka ba ta wadatar ba, abin da ke cikin NIID, rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora, shi ake dubawa, kuma kowa na iya dubawa da wayarsa ta *565*11#. Da muka duba tawa, harafi ɗaya na lambar motar an shigar da shi ba daidai ba, wato a wajen na'ura motata ba ta da inshora. Wannan sun gyara shi nan take ba tare da Legas ba, abin da ya nuna mini cewa in sun ga dama suna iya sauri. Wanda ya sayi mota hannu kada ya dogara da inshorar tsohon mai ita, haka wanda ya mai da motar gida ta haya zuwa Bukuru ko Bauchi, ajinta ya canza, kuɗinta ma daban.

Na san akwai 'yan'uwa da ke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba. Akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a ƙasar nan, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsu tun 2013. Tsarin kuɗin ne ya bambanta, amma su ma abin da ka rubuta a fom shi za su bi ranar biya.

Takardar gyaran da ta fito shafi ɗaya ce, da lambarta da kwanan wata da hatimi, ana haɗa ta da ainihin takardar inshorar. Na karanta ta layi-layi kafin in tashi: lambar shago daidai, adadin kaya daidai, suna daidai. Asalin yana gida, hotonta yana wayata da ta babban ɗana, don takardar inshorar gobara ba a ajiye ta a shagon da ake tsoron ya ƙone. Zan sabunta da su in wa'adi ya yi, amma ta reshe kai tsaye, ejan ya huta. Rasit ɗin ƙarin kuɗin da suka ba ni kuwa, da na duba samansa, tsohon adireshin layin Masallacin Juma'a ne a buge. Na mayar musu su sake shi. Yana Legas har yanzu.